Yadda furotin masu haddasa sankarar jini ke kama mataimakansu: tambayoyi da amsoshi

A wannan shafi, idan muka ce ƙwaya muna nufin ƙwayar jini ko ta ɓargo guda ɗaya. Sashen gado kuwa shi ne gutsuren DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin.

Mene ne jagoran kwafi, kuma me ya raba shi da mataimaki?

Kafin ƙwaya ta yi amfani da wani sashen gado, sai ta kwafe shi daga DNA zuwa RNA. Inzayim ɗin da ke wannan kwafi shi ne RNA folimares II, amma shi kansa bai san inda zai fara ba. Jagoran kwafi furotin ne da ke gane wasu haruffan DNA ƙalilan, galibi 6 zuwa 12, ya zauna a kansu. RUNX1, alal misali, TGTGGT yake nema. Ɗan Adam yana da irin waɗannan jagorori kimanin 1,600.

Sai dai zaman kawai ya iya. DNA a naɗe yake a jikin furotin histon kamar zare a kan mazari, haruffa 147 a kowane ƙulli, kuma yawancin jagorori ba su da ƙarfin kwance shi. Mai wannan aikin shi ne mataimaki, wanda shi kuma ba ya karanta DNA, sai inda aka kai shi. Tafiyar gurgu da makaho ke nan: wannan yana da ido, wancan yana da ƙafa.

Mataimakan da za a yi ta jin sunansu a nan su ne p300 da ɗan'uwansa CBP, masu liƙa sinadarin asetil a laisin na 18 da na 27 na histon H3 (laisin ɗaya ne daga amino asid, tubalan da ake gina furotin da su), BRD4, mai gane wannan asetil ɗin ya kama, P-TEFb, wanda inzayim CDK9 da ke cikinsa ke sakin folimares idan ya coge a farkon hanya, sai menin, wanda bayaninsa zai zo a gaba. Akwai kuma kishiyoyinsu masu dannewa, irin su NCoR da SMRT, waɗanda ke jawo HDAC ya goge asetil ɗin.

Ta yaya jagora ke komawa mai haddasa sankara?

Hanyar da aka fi sani ita ce kuromosom biyu, wato dunƙulen DNA da ke cikin ƙwaya, su karye su yi musayar ɓangarori, sai a samu furotin na gamin gambiza, kansa daga nan, jikinsa daga can. Janet Rowley ta jami'ar Shikago ce ta gano musayar da ke tsakanin kuromosom na 8 da na 21 a 1973, sannan ta na 15 da na 17 a 1977. Wani lokaci kuma jagoran lafiyarsa lau, amma an kunna shi a ƙwayar da bai kamata ba, kamar TAL1 a sankarar ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Hanya ta uku ta fi wuyar ganewa: babu abin da ya taɓa jagoran, amma cutar ta jingina da shi har ba ta iya rayuwa idan ba shi. Haka MYB yake a yawancin sankarar ɓargo mai saurin yaɗuwa, wadda ake taƙaitawa da AML.

Duk inda aka bi, abu ɗaya ake tararwa. Ƙwayar ta kasa balaga, tana ta haihuwar irinta, har su cika ɓargo.

Me ya sa p300 da CBP ba sa fita daga wannan zance?

Saboda kusan kowa yana neman su. Kowannensu yana da amino asid fiye da 2,400, kuma a jikinsa akwai ƙananan yankuna da jagorori ke kamawa: TAZ1, KIX, TAZ2 da NCBD. A tsakiya akwai yankin da ke liƙa asetil, kusa da shi kuma yankin buromo da ke gane asetil. Ba histon kaɗai suke yi wa liƙin ba, har jagoran da ya kira su. Wannan ne ke buɗe wa BRD4 hanya, shi kuma ya jawo P-TEFb.

Kada a ɗauka a kullum abokan cutar ne. A wani bincike na 2011 kan mutum 71 da sankarar ƙwayoyin limfa mai saurin yaɗuwa, wato ALL, ta dawo musu bayan magani, an samu sashen gadon CBP a lalace a kashi 18 cikin ɗari. Maganin sitiroyid da ake ba masu wannan cuta yana bukatar CBP kafin ya kashe ƙwayar, don haka rashinsa riba ce ga cutar.

Yaya ainihin riƙon MYB da KIX yake?

KIX ɗan ƙaramin yanki ne, amino asid kusan 90, murɗaɗɗun sanduna uku da suka jingina da juna. Yana da fuska biyu da ake kamawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A fuska ta farko MYB ke zama, kuma nan ne wani jagoran, CREB, ke zama idan an liƙa masa fosfet a serin na 133. A ta biyu kuwa furotin MLL, wanda bayaninsa zai zo a gaba, ke zama, haka ma jagoran E2A.

Ɓangaren MYB da ke kamawar gajere ne, amino asid kusan 25, daga na 291 zuwa na 315. Idan yana shi kaɗai ba shi da tsayayyar siffa, lilo yake yi kamar igiya. Sai ya taɓa KIX yake murɗewa ya zama sanda, lusin na 302 ya nutse cikin wani ɗan rami mai ƙin ruwa da ke tsakanin sanda ta ɗaya da ta uku. Ɗakin gwajin Peter Wright a cibiyar Scripps ta Amurka ne ya fitar da wannan siffa a 2004 ta hanyar NMR, wata dabarar gano siffar furotin. Idan aka maye wannan lusin ɗin da alanin, riƙon ya tafi.

Riƙon ba mai ƙarfi ba ne. Ma'aunin rabuwarsu yana wajen maikuromola 10, wato kama-saki suke yi a kai a kai. Ba aibi ba ne, da gangan ne, domin KIX ɗaya ne kuma masu layi suna da yawa. Wani abin kuma, idan MLL ya zauna a fuskar baya, siffar KIX tana ɗan gyaruwa, sai MYB ya ƙara kamawa kusan ninki biyu. Wanda ya auna jagora ɗaya shi kaɗai a cikin kwalba bai ga abin da ke faruwa a cikin ƙwaya ba.

Ina hujjar cewa wannan riƙon ne ke ciyar da cutar, ba wai tare kawai aka gan su ba?

Hujja mafi ƙarfi ita ce a canza amino asid ɗaya tak, a bar komai yadda yake, a ga ko cutar za ta tashi. Akwai wani nau'in ɓeraye da ake kira Booreana, wanda MYB ɗinsu ke da canji a amino asid na 308, ya raunana kama p300. Ɗakin gwajin Thomas Gonda a Ostireliya ya nuna a 2014 cewa ƙwayoyin waɗannan ɓeraye ba sa komawa sankara ko an saka musu furotin na gamin gambiza masu haddasa AML, wato AML1-ETO (na musayar kuromosom na 8 da na 21) ko MLL-AF9, alhali ɓerayen suna raye suna ƙera jini. Wannan tazarar, tsakanin abin da cuta ke bukata da abin da lafiyayyen ɓargo zai iya maneji da shi, ita ce duk fatan masu neman magani.

Haka aka gani a E2A-PBX1, wanda ke fitowa daga musayar kuromosom na 1 da na 19, kuma ana samunsa a kusan kashi 5 cikin ɗari na yara masu ALL. Lusin na 20 ne ke shiga KIX. Da aka canza shi, furotin ɗin ya daina haddasa cuta a ɓeraye.

Misalin TAL1 ya zo ta wata fuska. A ƙwayoyin Jurkat da ake renonsu a ɗakunan gwaji, an gano a 2014 cewa haruffa 12 ne suka kutsa cikin DNA a nisan haruffa kusan 7,500 kafin TAL1. A ƙwayoyin MOLT-3 ma haruffa 2 ne kacal. Wannan ɗan ƙari ya ƙirƙiro wa MYB wurin zama inda da babu, MYB ya jawo CBP, wurin ya cika da asetil, TAL1 ya kunnu ya ƙi mutuwa. Da aka yanke kutsen da CRISPR, dabarar yanka DNA a inda ake so, komai ya rushe.

Har ƙwayar cutar HTLV-1, wadda ake samu a kudancin Japan, yankin Karebiyan da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wannan ƙofar take bi: furotin ɗinta Tax yana kama KIX tare da CREB. Kaɗan ne daga masu ɗauke da ita, kusan kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, ke samun sankarar ƙwayoyin T bayan shekaru masu yawa.

An ce AML1-ETO dannewa yake yi. Me ya haɗa shi da mai kunnawa?

Da haka aka ɗauka, kuma rabin gaskiya ne. Furotin ɗin ya ƙunshi amino asid 177 na farkon RUNX1 (wanda ake kuma kira AML1), masu kama DNA, da kusan dukkan ETO, wanda ke jawo NCoR, SMRT da HDAC. Ta haka yake kashe sassan gadon balaga. Amma a 2011 ɗakin gwajin Stephen Nimer ya nuna p300 yana kama yankinsa na NHR1, ya liƙa masa asetil a laisin na 43, kuma idan aka hana wannan liƙi ƙarfinsa na haddasa cuta yana raguwa sosai. Wato a wani wuri ya danne, a wani wuri ya kunna, gwargwadon waɗanda ya tarar a wurin. Shi kaɗai ma ba ya isa, sai an samu ƙarin lalacewa, sau da yawa a sashen gadon KIT.

Akwai inda aka ci nasara ta hanyar sauya wa jagora abokin tafiya?

Akwai, a nau'in AML da ake kira APL. PML-RARA, furotin na gamin gambiza da musayar kuromosom na 15 da na 17 ke haifarwa, yana riƙe NCoR da SMRT gam, kuma ɗan asid ɗin retinoyik da ke jiki, a matakin nanomola, bai isa ya sa ya sake su ba. Maganin ATRA, wanda dangin bitamin A ne, yana kai shi matakin maikuromola. Sai furotin ya canza siffa, masu dannewa su faɗi, masu kunnawa su hau, ƙwayoyin su balaga su mutu mutuwar da aka saba. Wang Zhenyi da abokan aikinsa a asibitin Ruijin na Shanghai suka fara buga sakamakon a 1988. Arsenik, wanda likitocin Harbin suka fara gwadawa tun shekarun 1970, yana kama ɓangaren PML ya sa ƙwaya ta narkar da furotin ɗin gaba ɗaya. A gwajin APL0406 da aka buga a 2013, haɗin ATRA miligiram 45 ga kowace murabba'in mita ta jiki da arsenik miligiram 0.15 ga kowane kilo a rana ya bar kashi 97 cikin ɗari ba tare da wata matsala ta cutar ba bayan shekara 2.

Idan abokin haɗin RARA ba PML ba ne, PLZF ne, ATRA ba ya yin aikin kirki, domin PLZF yana da nasa wurin riƙe masu dannewa wanda maganin ba ya taɓawa.

To KMT2A da menin fa?

KMT2A shi ne sabon sunan MLL, yana kan kuromosom na 11. Yana haɗuwa da abokai fiye da 80, waɗanda aka fi gani su ne AF4, AF9, ENL da AF10. Ana samun wannan a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na jarirai masu ALL, da kashi 5 zuwa 10 na manya masu AML. Furotin haɗaɗɗen yana rasa wutsiyarsa, har da ɓangaren da ke kama KIX, amma sabon abokin yana kawo abin da ya fi haka: P-TEFb da DOT1L, mai liƙa metil a laisin na 79 na H3. Sakamakon haka HOXA9 da MEIS1, waɗanda ya kamata su yi shiru idan ƙwaya ta fara girma, suna ci gaba da aiki.

Kan furotin ɗin kuwa yana nan, kuma ba ya iya zama daram a kan DNA sai da menin. Ɗakin gwajin Michael Cleary a Stanford ya tabbatar da haka a 2005. Riƙon nan ya sha bamban da na KIX. Menin yana da rami mai zurfi, amino asid na 4 zuwa na 15 na MLL suna shiga ciki, musamman fenilalanin na 9 da furolin na 10 da na 13, kuma ma'aunin rabuwarsu a matakin nanomola yake, wato riƙon ya fi na KIX ƙarfi nesa ba kusa ba. Rami mai zurfi shi ne abin da mai ƙera magani ke nema. Jolanta Grembecka da Tomasz Cierpicki na jami'ar Michigan suka fitar da ƙananan sinadaran farko da ke toshe shi a 2012.

A ranar 15 ga Nuwamba 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da revumenib, maganin da ke toshe wannan rami, ga masu shekara 1 zuwa sama da ke da musayar KMT2A, waɗanda cutar ta dawo musu ko ta ƙi jin magani. Kusan kashi 21 cikin ɗari ne suka samu cikakken sauƙi ko kusa da shi. Adadin ba shi da yawa, amma waɗannan mutane ne da an gwada musu kusan komai. AML mai canji a sashen gadon NPM1, wanda ya kai kusan kashi 30 na masu cutar, shi ma da menin ya dogara.

Waɗanne matsaloli ake fuskanta da maganin menin?

Na farko, idan ƙwayoyin suka balaga lokaci guda sukan jawo zazzaɓi, sarƙewar numfashi, taruwar ruwa a huhu da faɗuwar hawan jini. Da an yi zato ake fara deksametason, miligiram 10 ta jijiya duk awa 12 ga babba, ba a jiran tabbaci. Haka ake yi a APL ma. Na biyu, yana tsawaita tazarar QT a bugun zuciya, don haka ana duba ECG da fotasiyam da magneziyam. Na uku, inzayim CYP3A4 na hanta ne ke narkar da shi, kuma magungunan fangas irin su posaconazole, da yawancin majiyyatan ke sha, suna toshe wannan inzayim. Mai nauyin kilo 40 zuwa sama yana shan miligiram 270 sau biyu a rana, amma idan yana kan irin wancan magani sai a rage zuwa 160.

Sannan cutar tana koyon kaucewa. A 2023 an gano canje-canje a menin a amino asid na 327, 331 da 349, duk a bakin ramin. Suna ture maganin, amma MLL yana shiga yadda ya saba. Wannan ma wata hujja ce cewa maganin ya sami inda ya dace, tunda cutar ba ta iya barin menin ba, sai gyara ƙofarsa ta yi.

Me ya hana a samu irinsa ga KIX ko BRD4?

Fuskar KIX shimfiɗaɗɗiya ce, ba zurfi, ƙaramin sinadari ba ya samun inda zai maƙale. An gwada sinadaran tsirrai irin su celastrol, amma suna kama furotin barkatai, ba a iya cewa ta KIX suka yi aiki. MYBMIM, wanda ɗakin gwajin Alex Kentsis ya ƙera a 2018, kwaikwayon sandar MYB ne da amino asid na juyi don kada jiki ya narkar da shi. Ya yi aiki a ɓeraye, amma sai da yawa. Shi ya sa aka karkata ga wasu yankunan p300: A-485 yana toshe wurin liƙa asetil, inobrodib kuma yana toshe yankin buromo, kuma ya kai ga gwaji a jikin mutane.

BRD4 yana da rami mai kyau, matsalarsa dabam ce. Bayan an nuna a 2011 cewa JQ1, sinadarin da ke toshe BRD4, yana kashe sashen gadon MYC mai ingiza yaɗuwa a ƙwayoyin AML, an sa rai sosai. A asibiti sai aka ga kaɗan ne ke amsawa, ba ya daɗewa, kuma ƙwayoyin daskarar da jini suna faɗuwa kafin a kai adadin da ake so, domin lafiyayyen ɓargo ma yana bukatar BRD4. Cutar kuma takan sake kunna MYC ta wata hanyar saƙo ta cikin ƙwaya da ake kira Wnt. Pinometostat mai toshe DOT1L ya rage metil ɗin kamar yadda aka tsara, amma 2 ne kawai cikin 51 suka samu cikakken sauƙi.

Yaya ake tabbatar da irin wannan riƙo a ɗakin gwaji, kuma ina ake yin kuskure?

Galibi ana farawa da jawo furotin ɗaya da antibodi a duba ko ɗayan ya biyo shi. Ana fitar da furotin daga cibiyar ƙwaya da gishiri mai ƙarfi, wajen milimola 420, sannan dole a tsarma shi zuwa 150 kafin a saka antibodi. Wanda ya manta wannan ya raba su da hannunsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne DNA ya zama gada tsakanin furotin biyu da ba su taɓa juna ba, don haka a saka benzonase ya narkar da shi, a ga ko riƙon zai tsira. Idan asetil ake nema, a zuba masu toshe HDAC da nikotinamaid tun wajen fasa ƙwayoyin, in ba haka ba ya goge kafin a auna.

Cusa furotin biyu da yawa a ƙwayoyin HEK293T na ɗakin gwaji, waɗanda ba na jini ba ne, ba hujja ba ce, a cunkoso kowa yana taɓa kowa. A koma ƙwayoyin da ke ɗauke da cutar: Kasumi-1 don AML1-ETO, NB4 don APL, MV4-11 ko MOLM-13 don KMT2A, 697 don E2A-PBX1.

Don auna ƙarfin riƙo ana amfani da ITC, na'urar da ke auna zafin da haɗuwarsu ke fitarwa, furotin maikuromola 20 zuwa 50 a cikin kofi, feftayid ninki 10 zuwa 20 a sirinji, ko fiye idan riƙon mai rauni ne irin na MYB. Ruwan da suke ciki ya zama ɗaya sak, ko ɗan bambancin DMSO yana ba da zafin ƙarya. A gwajin ChIP, mai nuna inda furotin ke zama a kan DNA, sinadarin liƙi na fomaldihaid kashi 1 cikin ɗari na minti 10 ya ishi jagora, amma mataimaki ba ya taɓa DNA kai tsaye, sau da yawa sai an fara da wani sinadarin liƙin, DSG, milimola 2. Kuma idan aka cire jagora aka jira kwana 3 kafin a duba, abin da za a gani ƙwaya ce mai mutuwa. Tsarin dTAG yana narkar da furotin cikin awa 1 zuwa 2, a nan ake gane sassan gadon da shi kansa yake kunnawa.

Ana gadon waɗannan canje-canje? Yaya ake sanin wanda majiyyaci ke da shi?

Haɗe-haɗen nan ba daga iyaye suke ba, a ƙwayar ɓargo ɗaya suke faruwa. Na jarirai tun a ciki yake aukuwa. Wasu na KMT2A suna biyo bayan maganin wata sankarar da etoposide, shekara 1 zuwa 3 bayan haka. Akwai iyalai ƙalilan da ke gadon lalacewar RUNX1 ko CEBPA.

Ana ganowa daga ɓargo ko jini ta duba kuromosom, ta FISH mai haska sassan gado a kan kuromosom, ko ta PCR mai ninka gutsuren DNA. Samfurin duba kuromosom a kwalbar heparin ake saka shi, na PCR kuma a ta EDTA, domin heparin yana hana PCR aiki. Kada a daskarar da shi, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 24 zuwa 48, kuma a ɗiba kafin a ba da sitiroyid in da hali. Wasu haɗe-haɗen KMT2A da juyewar kuromosom na 16 sukan ɓuya wa madubi, sai FISH ko PCR ke kama su. APL ce kaɗai ba a jira mata sakamako: idan siffar ƙwayoyin da zubar jini suka nuna ita ce, ana fara ATRA a ranar, tabbacin ya biyo baya.